Taliyar Dada

Mu a gidanmu Dada muke ce wa uwa. Asalinmu Fulanin gida ne daga ƙasar Katsina, Fulatanci ya riga ya kuɓuce wa iyayenmu tun kafin su kamo hanyar gabas, abin da ya rage a bakinmu wannan kalmar ce kawai. Ni ban san Katsina ba. A hanya aka haife ni, wayo kuma a Musawwa na yi shi, can bakin teku, lokacin garin yana hannun Turawan Italiya, waɗanda muke kira Taliyan. A nan Babanmu ya kwanta ciwon ciki muna jiran jirgin da zai tsallakar da mu Jidda, a nan aka binne shi. Ya bar Dada da mu biyu, Yayana wanda shi ne ɗan fari, sai ni.

Dada ta samu aiki a gidan wani Bataliye mai harka da tashar jiragen ruwa. Da wanki ta fara, daga baya uwar maigidan ta ja ta madafa. Tsohuwar nan gajeriya ce, kullum cikin baƙaƙen kaya, ga faɗa kamar me. Ba ta jin Hausa, Dada ba ta jin yarensu, amma da nuni da dukan bayan hannu ta koya mata taliya. A kwaɓa garin alkama da ƙwai, a murza shi da doguwar sanda har ya yi falan-falan, a naɗe kamar tabarma, a yanka siri-siri da wuƙa, a shanya. Miyar tumatir kuwa tun hantsi ake ɗora ta, ba a sauke ta sai ta yi kauri ta yi duhu. Tsohuwar ta san Dada ba ta taɓa alade ba ta taɓa giya, ta ware mata tukunyarta, kuma duk wanda ya kuskura ya sa cokali a ciki sai ya ji a jikinsa.

A gidan nan aka yi bikin ƙanen maigidan. Ina ƙarama, abin da nake tunawa kaɗan ne, amma Dada ta ba da labarin bikin nan har na haddace shi. An jera tebura a tsakar gida suka zama ɗaya, dangi maza da mata, tsofaffi da yara, duk a zaune wuri guda, ana sauke wannan abinci ana ɗora wancan tun azahar har rana ta yi sanyi. Ango da guntun ƙarfe a aljihu saboda kambun baka. An fasa kofin gilashi a ƙasa, tsofaffi suka sunkuya suna duba yawan ɓaraguzan, wai shekarun zaman lafiyar auren ke nan. Kowane baƙo an ba shi ɗan ƙulli na lauz, wata ƙwaya mai kama da gyaɗa, mai rufin sukari, kuma ba a sa adadin da zai rabu biyu daidai, don kada ma'auratan su rabu. Amma abin da ya fi tsaya wa Dada a rai shi ne farantin farko. Tsohuwar ce ta ɗauko shi da hannunta, taliyar da ta murza da kanta, ta ratsa mutane ta ajiye a gaban ɗanta ango. Shi kuma ya miƙe tsaye, ya kama hannunta ya sumbata, ya ce wa jama'a ga wadda ta haife shi, aka yi ta tafi tsohuwar tana kuka tana zaginsa.

In Dada ta zo nan sai ta rufe baki da gefen mayafi ta ce mutanen nan ba su da ta ido, uwa da ɗa a gaban surukai. Tana faɗa tana dariya. Ni kuwa ko a lokacin na lura ba ta taɓa tsallake wannan wurin ba.

Da Allah ya yi muka iso Makka, a unguwar Jarwal muka sauka cikin 'yan'uwanmu Takari, a ɗakin da aka haɗa da gwangwanayen kananzir da aka farke aka miƙar. Matan lungunmu wata gyaɗa take sayarwa, wata ƙosai, wata kunu. Dada ta kafa taliya. Ƙwai ya fi ƙarfinmu, da ruwa da gishiri take kwaɓawa, ta zuba mai da yaji, masu ɗaukar ruwa da 'yan dako su tsuguna su ci su tashi. Da taliyar nan aka yi wa Yaya riga, da ita ya zauna gaban malamai a Harami maimakon ya ɗauki sandar ruwa a kafaɗa kamar sa'o'insa. Yana da kai, ban hana shi wannan ba. Larabcinsa ya goge har in yana magana a bayan labule ba ka ce ba haifaffen garin ba ne. Ya samu aiki wurin wani muɗawwafi, mai kula da alhazai, yana yi masa tafinta in mutanen ƙasarmu sun zo.

Duk wannan Dada ba ta taɓa kama sunansa ba. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji kamar yadda ta ga iyayenta suna yi. Wancan take ce masa, ko yaron nan, ko mutumin naki. Abincinsa ni take ba in miƙa masa. In baƙuwa ta tambaye ta ko ɗanta ne, sai ta kawar da kai ta ce ɗan Gwaggonsa ne. Gwaggon nan yayar Babanmu ce, ta riga mu zuwa da daɗewa, ta auri wani mai shago a unguwar Misfala, suna da gidan dutse mai bene, Allah bai ba ta haihuwa ba. Kowa a Jarwal ya san abin da maganar Dada take nufi, babu wanda ya taɓa ɗaukarta da wata ma'ana.

Bayan yaƙin Turawa ya lafa, alkama ta dawo kasuwa, Yaya ya zo da maganar aure. Yarinyar 'yar dangin maigidansa ce, mutanen unguwar Shamiyya. An ce kakan kakansu daga Kano ya zo, amma abin da ya rage musu na Hausa bai wuce sannu ba, ita ma a karkace. Ya ce komai a gidan Gwaggo za a yi tunda ɗakinmu ba ya ɗaukar mutane, Gwaggo ce kuma za ta tsaya a matsayin uwar biki. Dada ta ji daɗi ƙwarai, ta ce mini ashe yaron nan ya san al'ada, ina aka taɓa ganin uwa tana kai da kawo a bikin ɗan fari. Ba ta je ɗaurin aure ba, ba ta je daren lalle ba, wanda su suke kira gumra. Ni ma ya ce in zauna in taya ta aiki. Na yi fushi, don na ci burin ganin amaryar Makka cikin kayan nan masu nauyi da ake labari, amma ban kawo komai a raina ba.

Abu ɗaya Dada ta roƙa. Ina zaune, Yaya ma yana nan, ta yi maganar, fuskarta na kallon bango kamar da bangon take. Ta ce a gaya wa wancan, ranar walima, washegarin kai amarya, tana so ta yi taliya ta ainihi, mai ƙwai, kuma ita za ta ajiye masa farantin da hannunta. Sau ɗaya dai, ta ce, Allah ya yafe mata rashin kunyar. Na ɗaga kai na dubi Yaya. Sannan ya ce to, amma mu zo da wuri, mu shiga ta ƙofar madafa saboda cunkoso.

Wanda bai ga lungunmu a kwanakin nan ba bai ga biki ba. Duk mai kaza ta kawo ƙwai. Aka gitta sanduna daga wannan rufi zuwa wancan, taliya na reto a kansu, aka sa ni gadin awaki da ƙudaje. Dada ce kaɗai take murzawa, ba ta yarda kowa ya taɓa sandar ba, gumi na zuba tana sharewa da damtse. Mai ƙosai ta tsokane ta wai yau Bataliyar Jarwal za ta aurar da ɗa, Dada ta ce ita ba ta da ɗa, a tambayi Misfala, mata suka kwashe da shewa. Ta sayo lauz mai sukari a kasuwa, ta yayyanka wani farin ƙyalle, muka zauna muna ƙullawa tana duba kowane ƙulli kada adadin ya rabu biyu. Na ce mata wannan ai camfin Nasara ne. Ta ce in rufe mata baki in ƙulla, fatan alheri ba shi da ƙabila.

Ranar walima muka ɗauki trayoyi a kai tun da sanyin safiya, mu da matan lungu, muka gangara Misfala. A ƙofar madafa matan suka sauke suka juya, don an ce wuri ya yi kaɗan. Masu dafa shinkafar da suke kira saliƙ da nama suna waje da manyan tukwanensu, maza za su ci a ƙasa, mata a bene. Dada ta samu kusurwa ta ɗora miyarta. Da azahar aka fara hawa da taliya sama, kafin wani lokaci trayoyi suka dawo a share, ana aiko a ƙaro. Ina jin matan Shamiyya ta tagar bene suna tambayar juna wannan wane irin abinci ne.

Sai aka ce ango ya hau gaida mata, yana zaune kusa da amarya. Dada ta wanke hannu da fuska, ta shiga bayan buhunan gawayi ta ɗaura zanenta na saƙi, baƙi mai sheƙi, wanda ta taho da shi tun daga gida ba ta taɓa yarda ta sayar ba ko a Musawwa. Ta zuba farantin da kanta, ta gyara miyar a tsakiya. Ta ce in biyo ta da kwandon lauz. A kan matakala na ce in karɓar mata farantin, ta harare ni.

Ɗakin cike yake da mata da ƙamshin turaren wuta. Gwaggo na zaune a sama kusa da uwar amarya, ta sha gwal, tana fifita. Dada ta ratsa su kanta a ƙasa, ta durƙusa ta ajiye farantin a gaban Yaya. Ban taɓa ganin ta matso kusa da shi haka ba. Ta ɗan dakata a durƙushe. Na san abin da take jira, ba sumbatar hannu ba, wannan ya yi mata yawa, kalma ɗaya kawai.

Uwar amarya ta tambaye shi da Larabci wace ce wannan baiwar Allah mai hannu haka. Yaya ya ce, idonsa a kan farantin, “Hadi Dada.” Wato wannan ita ce Dada.

Wallahi murmushi na yi. Na ɗauka an gama, ya faɗa. Sai na ji uwar amarya ta ce masha Allah, su tasu dadar ta rasu bara, gida ba dada ai ba gida ba ne, Allah ya saka mata da ta raine shi haka. A nan murmushina ya ɗauke. A Makka dada ita ce baiwa ko 'yar aikin da ke rainon 'ya'yan masu hali. Na san kalmar sarai, a titi na girma, na sha ganin yaran manyan gidaje a kafaɗar dadarsu. Ban taɓa haɗa ta da tamu ba sai a wannan ɗakin.

Matar ta juya wurin Gwaggo, ta kira ta uwar ango, ta tambaye ta cikin fara'a, sayen dadar suka yi ko gadonta suka yi. Gwaggo ta ɗauki finjalin gahawa ta kai baki, finjalin da babu komai a ciki.

Na ajiye kwandon. Da Hausa na yi magana, da ƙarfi, har mata suka juyo. Na ce, “Yaya, faɗa musu.”

Bai ɗago ba. Uwar amarya ta ga abin da bai gamshe ta ba, ta dube ni, ta dubi Dada, ta tambaye ta kai tsaye ko tana da 'ya'ya na cikinta. Larabcin Dada na kasuwa ne, amma ta ji duk abin da aka faɗa tun farko, na gani a fuskarta. Ta nuna ni ta ce wannan ce. Matar ta nuna ango da haɓa ta ce shi fa.

Dada ta ce, “Ɗan Gwaggonsa ne.”

Maganar da ta saba faɗa ke nan tun ina goye, ba ta ƙara ba ta rage ba. Matan Shamiyya ba su san kunyar ɗan fari ba, kuma da guntun Larabcin Dada abin da ya isa kunnensu shi ne ɗan waccan ne, ga yatsanta yana nuna Gwaggo. Yaya ya san haka za ta amsa. Ya san ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta buɗe baki a gaban surukai ta ce ni na haife shi ba. A kan wannan ya gina aurensa, kunyar da take ji dominsa ita ya ɗauka ya rufe ta da ita. Har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

Uwar amarya ta sa aka kawo turmin yadi ta ba Dada tukwici, ta ce in bikin ƙaramar 'yarta ya zo za ta aiko a roƙi aronta. Dada ta karɓa hannu biyu ta yi godiya. Aka raba lauz, mata suna yaba ƙullin. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo Yaya ya ja farantin nan ya ci. Da ya ture shi, da na ce abin ya dame shi. Tas ya cinye, har da sa burodi ya share miyar.

A hanyar komawa Jarwal rana na dukanmu, trayoyi a kai, babu irin abin da ban faɗa ba. Na ce butulu ne, na ce Gwaggo ɓarauniyar ɗa ce, na ce gobe zan tafi Shamiyya in tsaya a ƙofar gidan in yi shela. Sai da muka kusa lungu Dada ta ce, “Bai yi ƙarya ba. Sunan da yake kirana da shi ya faɗa.” Na ce ai shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Ta ce in na kuskura na je Shamiyya ba ta yafe ba. Matan lungu suka taso da guɗa suna tambayar yadda aka yi, ta ce musu taliya ta yi farin jini, ga ma tukwici, ta shige ɗaki.

Bayan kwanaki Yaya ya zo, cikin sabuwar riga, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai tsoron gwangwanin ya ɓata masa kaya. Da ni ya yi maganar tunda Dada ta juya wa ƙofa baya. Wai mutanen nan ba za su ba da 'yarsu ga ɗan matar da ta yi wa Nasara aiki take kuma sayar da abinci a lungu ba. Wai shawarar Gwaggo ce. Wai in zama ya yi zama zai warware musu komai a hankali, mu ba shi lokaci. Na ce masa da taliyar lungun ya koyi Larabcin da ya sayar da uwarsa da shi. Ya ɗaga hannu zai mare ni, Dada ta ce wa bango a kawo wa baƙo ruwa. Na kawo, na dangwarar a gabansa har ya fantsama.

Lokacin da ya roƙa bai taɓa zuwa ba. Da matarsa ta haihu, aikowa aka yi dada ta zo raino, ta kuwa naɗe tabarmarta ta tafi. Na yi kuka, na yi zagi, na ce ina zuciyarta take. Ta ce jinjirin ba ruwansa. Ta ƙofar baya take shiga, tare da masu aiki take cin abinci, yaron ya tashi yana kiran Gwaggo kakarsa. Matar Yaya ba muguwa ba ce, tana kyautata mata, tana ba ta tsofaffin kayanta. Na tabbata daga baya ta gane, don mace ba ta kallon goshin ɗanta da goshin mai rainonsa kullum ta kasa gani. Amma ba ta tambaya ba, shi bai faɗa ba, Dada kuwa ba za ta taɓa faɗa ba. Labarin bikin Taliyan ma ta daina bayarwa, ko na tsokano ta sai ta ce ta manta.

Ni wani tela na aura a nan Jarwal, mutumin kirki mai ƙarancin magana. A ɗakinmu Dada ta yi jinyarta ta ƙarshe, 'yan shekaru bayan haka, a hannuna ta cika. An yi mata salla a Harami cikin taron gawawwakin ranar, aka kai ta makwancinta.

A Makka in an yi rasuwa, bayan magariba mazan gidan mamaci sukan jera a tsaye a ƙofar gida, masu ta'aziyya su zo su bi layin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dafa kafaɗar kowa ya yi masa addu'a. Ɗa ne yake tsayawa a farkon layi. Mijina ya bar wurin a buɗe, ya tsaya na biyu, tsofaffin lungu suka jeru a bayansa. Ina ciki tare da mata, shi ya ba ni labari da aka watse, kuma sai da na matsa masa.

Yaya ya zo tare da surukinsa da ƙannen matarsa, sun zo yi wa dangin dada gaisuwa. Ya ga gurbin da aka bar masa, duk lungu na kallonsa. Ya bi bayan surukinsa cikin masu ta'aziyya, ya dafa kafaɗar mijina, ya ce Allah ya ba ku haƙuri, ya wuce na gaba.

Na sa mijina ya maimaita mini, ko bai ji daidai ba. Ya ce haka ya faɗa, ku, ba mu ba.